Koyon tirela ba tare da tirela ba

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da koyon tuƙin tirela a nan Maraɗi shi ne, ana karɓar kuɗinmu cif, amma ranar hawa mota sai a kawo kan motar kaɗai, a bar bodin a gareji, wai gazuwal ya yi tsada. Alhali mai neman permi na rukunin E, wato takardar izinin tuƙin mota mai jan tirela, wahalarsa duka tana cikin ja da baya, domin idan yana son gindin tirela ya nufi hagu sai ya fara karya sitiyari dama, kuma in ya yi jinkirin miƙe shi, bodin ya naɗe ya daki kan motar. Wannan ba ya shiga hannu da bayanin allo, sai mutum ya zauna yana duban madubi, gumi na zuba, har ya saba. Haɗa bodi da kai da jona tiyon iskar birki ma da baki ake faɗa mana. Gobe kuma mu ne za a ba lodin siminti zuwa Damagaram, ko mu bi hanyar Ɗan Isa cikin masu babura da amalanken shanu.