Hip hop ba ɗan jiya ba ne

Duk lokacin da wani sabon kiɗa ya ɗauki matasa, kamar yadda Afrobeats da Amapiano suka yi, sai ka ji ana cewa kiɗan hip hop ya mutu, dama can yayi ne na yara. Maganar nan ba ta da tushe.

Wannan "yayi" ya haura shekara 50. A ranar 11 ga Agusta 1973 ne DJ Kool Herc, haifaffen Jamaika, ya sa kiɗa a wani shagali a unguwar Bronx da ke New York, inda ake ɗaukar cewa a nan hip hop ya faro. Dabararsa ita ce ya haɗa faifai biyu iri ɗaya, yana maimaita gaɓar da ganguna kaɗai ke tashi, don masu rawa su daɗe a fili. Mai riƙe da makirufo yana zuga jama'a ne kawai, kusan aikin sanƙira. Daga baya wannan zugar ta zama rap, abin da wasu a nan ke kira gambarar zamani.

To, kuskuren yana nan: mutane na ɗaukar salo ɗaya da suka saba ji a matsayin hip hop gaba ɗaya. Salon ya tsufa, sai su ce an yi jana'iza. Alhali hip hop rikiɗa yake yi, daga salon gangsta rap zuwa trap, zuwa drill. A 2017 hip hop da kiɗan R&B suka zarce kiɗan rock wajen yawan masu sauraro a Amurka, kuma rawarsa ta breaking har gasar Olamfik ta Paris ta shiga a 2024.