Nandu 15 da aka kai Chile ba asarar kuɗi ba ce

Tun da aka ɗauki nandu, tsuntsun Kudancin Amurka mai kama da jimina, guda 15 daga lardin Santa Cruz na Ajantina aka tsallaka da su iyaka zuwa gandun dajin Patagoniya na ƙasar Chile a 2025, nake jin wata magana da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Wai me ya kai mutane ɓata kuɗi a kan tsuntsun da IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ba ta ma sa shi cikin waɗanda ke gab da ƙarewa ba? Masu wannan magana layi ɗaya suka karanta a kundin IUCN, suka rufe.

Gaskiya ne ƙaramin nandu, ɗan uwan jiminar nan da mutanen yankin ke kira choike, yana nan da dama a filayen Ajantina. Amma a kwarin Chacabuco na Chile, inda aka shafe kusan shekaru ɗari ana kiwon tumaki, waɗanda suka rage ba su kai 20 ba lokacin da aka buɗe wurin renon su a 2015. Garken da ya koma haka, 'yan gida ɗaya ne ke ta haihuwa da juna, jini ya yi rauni. Sabon jini aka je nema a Ajantina. Yawan tsuntsu a wata ƙasa ba ya cike gurbinsa a kwarin da ya ɓace.

Abin da masu sukar suka kasa ganewa yana cikin halittar tsuntsun kanta. A wajen nandu, namiji ne ke haƙa gurbi a ƙasa, mata da yawa su zo su zuba masa ƙwai a ciki, su yi gaba abinsu. Shi zai kwanta a kai kusan kwana 40, da ƙyar yake tashi neman abinci, shi kuma zai yi ta yawo da 'yan tsakin watanni yana kare su. Saboda haka duk karen makiyayi da ya tashi namiji guda daga gurbi, ko mutumin da ya kwashe ƙwan ya kai kicin, haihuwar mata da yawa ta shekara guda ya rusa a yini ɗaya. Ga shingen waya. Tsuntsu ne da ba ya tashi sama, gudu ne makaminsa, yana iya kai kilomita 60 a awa. Ka gitta masa waya a fili, ka raba shi da abin da Allah ya ba shi na tsira. Shi ya sa cire ɗaruruwan kilomita na waya a Chacabuco ya fi min komai muhimmanci a aikin nan.

Masu cewa nandu na cinye wa tumaki kiwo, su je su duba: ganyaye masu faɗi da ƙwari ya fi ci.

Kuma kada a ce tsuntsun ne rago. Wasu 'yan ƙalilan daga cikin babban nandu sun tsere daga wata gona kusa da Lübeck a Jamus wajen shekarar 2000, ga sanyi ga baƙuwar ƙasa, amma zuwa 2018 sun haura 500, har hukuma ta halatta farautarsu. A gidansu na gado kuwa, filayen Pampas da Cerrado na Kudancin Amurka, gonakin waken suya sai cinye makiyayarsu suke yi, har IUCN ta sa babban nandun a sahun waɗanda barazana ta kusa cim musu. Laifin namu ne, mu 'yan Adam.

Mu da muka san labarin jimina mai jan wuya bai kamata a ji wannan sukar a bakinmu ba. Ta cika tsaunukan Ayar a Nijar, ana cewa ai jimina na nan da yawa a Afirka, har aka wayi gari a shekarun 1990 an karkashe ta. Yau a killace ake renon ta a Kelle, jihar Damagaram, ana fafutukar mayar da ita daji. Wannan hujjar ta "akwai su a wani wuri" ita ce ta kai mu nan, kuma raina yana ɓaci duk lokacin da na ji an maimaita ta.

Gwamnatocin Ajantina da Chile su tilasta wa masu garkunan tumaki su gyara wayoyinsu yadda tsuntsu zai wuce, su ɗaure karnukansu lokacin kwanci, a kuma hukunta masu kwasar ƙwai. Idan 15 ba su isa ba, a sake kai wasu.