Takardar abincin da babu tuwo a cikinta

Ina da ciki wata shida aka kira ni asibiti a nan Bamingam. A Ingila, indai ke baƙar fata ce, ko wani a gidanku yana da ciwon suga, ko kin taɓa haifar jaririn da ya kai kilo 4.5, to tsakanin sati 24 da 28 na ciki sai an yi miki gwajin suga. Ki kwana ba ki ci komai ba, a ɗebi jini, a ba ki wani ruwa mai zaƙin tsiya da gram 75 na suga a ciki, ki zauna awa biyu a kan kujera kina hamma, a sake ɗiba. Sugan jinina ya haura 7.8, wato iyakar da suka sa, aka ce ina da ciwon sugan masu juna biyu.

Wannan bai ɓata min rai ba. Abin da ya tsaya min shi ne ranar da aka tara mu wajen mai ba da shawara kan abinci. Baturiya ce mai fara'a, ta jera abincin roba a kan tebur: yankan burodi, dankali, rabin ayaba, har da wani ɗan kwano na taliya. Ta raba mana na'urar gwaji kyauta, da allurar tsira yatsa, da littafin rubuta sakamako. Da asuba kada sugan jini ya kai 5.3, awa ɗaya bayan cin abinci kada ya kai 7.8. Sai ta miƙo min takarda ta musamman, wai ta 'yan Afirka. Na duba, sakwara, ayabar suya, dafa-duka. Babu tuwo, babu fura, babu ɗanwake, ko sunan gero ba a ambata ba. Na buɗe waya na nuna mata hoton malmalar tuwon shinkafa. Ta daɗe tana kallo, ta ce, wannan na mutum nawa ne?

Na yi dariya a gabanta, amma a motar haya na dawo ina cika ina batsewa.

Gaskiya dai sun yi ƙoƙari. Sun bayyana min cewa mabiyiya ce ke fitar da sinadaran da ke hana insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, yin aiki, kuma idan suga ya yi yawa jariri yakan yi girman da kafaɗarsa za ta iya maƙalewa wajen haihuwa, bayan ya fito kuma nasa sugan ya faɗi. Ƙanwata a gida haihuwarta uku, in ban da fitsari ba abin da aka taɓa duba mata a awo, na ƙarshen ya zo ƙato muka yi ta cewa tubarkalla. Yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi.

Amma abincin da ya riƙe ni, namu ne. Da na'urar a hannu na zama mai bincike a kicin ɗina. Koko da suga da safe ya kai ni 9 da wani abu, na haƙura da shi. Burodin da takardarsu ta yaba shi ma bai bar ni ba. Alala da dafaffen ƙwai kuwa lafiya lau. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, kamar ban ci komai ba. A shagon Indiyawa na samu garin dawa, su jowar suke ce masa, gero kuma bajra. Na tuƙa tuwo, na ɗebi kamar dunƙulen hannuna, na malala miyar kuɓewa da nama fiye da tuwon, na zaga unguwa minti ashirin cikin sanyi, na dawo na gwada: 7.1. Shi ma in na ƙara loma sai ya hau, ba na musu. Amma wa ya ce abincinmu ne matsala? Shinkafa sau biyu a rana, lemon kwalba, shayi mai cokali huɗu na suga, waɗannan ba su kakata ta ci ta haifi goma ba.

Da na gaya wa Umma, cewa ta yi, "Ke 'yar nan, mai ciki ake auna wa tuwo? Ki ci abinki, Turawa ba su san komai ba." Na so in yi mata bayanin mabiyiya, sai na ji ta ce da ina gida da yanzu na zo goyon ciki. Nan bakina ya mutu. Da tana kusa, na san faɗa za mu yi kullum a kan girman malmala, ta ɓoye min fura a ƙoƙo ta ce nono ne kawai. Amma da ita za ta tsinko zogalen bayan ɗaki ta dafa, ba busasshen da nake saya a leda ba.

An ce bayan haihuwa da sati 6 zuwa 13 za a sake gwada ni, daga nan kuma duk shekara. Umma ta riga ta aiko da kanwa da garin kunu ta hannun wata maƙwabciya da za ta zo. Ban gaya mata ba tukuna cewa shi ma kunun sai na tsira yatsa bayan na sha.