Saltburn: An bar jaki ana dukan taiki

Tun ranar 23 ga Janairun 2024 da aka fitar da sunayen finafinan da za su fafata a gasar Oscar, aka duba sama da ƙasa babu Saltburn ko a rukuni ɗaya, masoyansa suke ta kumfar baki wai an yi masa fashi. Wasu har cewa suke dattawan Hollywood ne suka ji tsoron fim ɗin da ya nuna namiji yana begen namiji. Masu wannan magana sun manta cewa waɗannan dattawan ne suka ba Moonlight, shi ma fim ne a kan namiji mai begen namiji, babbar kyauta a 2017. Ni abin da ya ba ni haushi daban ne: wata da watanni masu sharhin fim a Ingila da Amurka suna tafka muhawara a kan fim ɗin nan, amma kaɗan ne suka taɓa inda ƙurjin yake.

Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri, zan fasa masa ƙwai. Oliver Quick, wanda Barry Keoghan ya fito a matsayinsa, ya shiga Jami'ar Oxford a 2006, ya liƙe wa wani ɗan masu hannu da shuni, Felix Catton. Ya shaida masa iyayensa mashaya ne, daga baya ya ce mahaifinsa ya rasu. Tausayi ya kama Felix, ya gayyace shi hutu katafaren gidansu na gado. Kafin a ankara, gawa ta fara bin gawa, har gidan ya koma hannun baƙo.

To me masu sharhi suka gani? Kwamin wanka da kabari, wurare biyu na batsa da kunya ba za ta bar ni in fayyace ba. Wani ɓangare ya yi ta tafi, wai jarumta ce da sabon salo a finafinan masu neman jinsi. Wani ɓangaren ya toshe hanci ya ce ƙazanta ce don neman suna. Duka biyun sun faɗa tarkon da Emerald Fennell, marubuciya kuma daraktar fim ɗin, ta ɗana musu. Ta san muddin ana maganar ruwan wanka, ba wanda zai tambaye ta abin da take nufi da talaka.

Mafi ban takaici su ne waɗanda suka jera shi da Parasite na Koriya ta Kudu, wai shi ma bulala ce a gadon bayan attajirai. Wace bulala? A Parasite mun shiga ɗakin talakawan da ke ƙasan titi, mun ga ruwan masai ya malale musu har ƙirji, mun gane abin da ya tura su. A nan kuwa, ranar da Felix ya tuƙa Oliver zuwa garinsu Prescot da niyyar sasanta shi da mahaifiyarsa, sai ga gida tsaf-tsaf, uwa mai fara'a, uban da aka ce ya mutu yana nan da ransa da lafiyarsa. Ashe ba yunwa ba ce, hassada ce zalla. Hatta tayar keken Felix da ta sace ranar da suka saba, Oliver ne ya huda ta. Iyalan Catton fa? An nuna su da wauta da gulma da rashin damuwa da kowa, amma a hannunsu aka bar duk barkwancin mai daɗi, musamman Rosamund Pike da ta fito a matsayin mahaifiyar Felix, ta yadda mai kallo zai tashi yana kewarsu. Laifinsu ɗaya, sun buɗe ƙofa. Saƙon dai shi ne wanda manyan gidaje suka saba raɗa wa 'ya'yansu, cewa tsintacciyar mage ba ta mage.

Ita ma soyayyar da ake ta cece-kuce a kanta ado ce kawai. Oliver ya nemi Farleigh ɗan goggon Felix, ya nemi Venetia 'yar'uwar Felix, kowa ya zame masa tsani. Tsohon hoto ne da finafinan Turai suka daɗe suna zanawa, na mai neman maza a matsayin maƙaryaci mai kisa cikin murmushi, kuma The Talented Mr. Ripley na 1999 ya riga shi, ya kuma fi shi tausayin jaruminsa. Abin mamaki, masu kiran Saltburn ci gaba ba su ga wannan ba.

Fennell 'yar wani shahararren mai sana'ar gwala-gwalai ce a Landan, kuma ita ma Oxford ɗin ta yi. Ba zunubi ba ne a haife ka cikin daula, amma gwano ba ya jin warin jikinsa. In ana neman shaida, a leƙa TikTok bayan fim ɗin ya hau dandalin kallon finafinai na Prime Video a Disamban 2023. A ƙarshen labarin Oliver yana rawa tsirara ɗaki-ɗaki da wata tsohuwar waƙar Sophie Ellis-Bextor ta 2001, sai ga 'ya'yan masu kuɗi na gaske suna kwaikwayonsa cikin manyan gidajen iyayensu, suna nuna mana benaye da fitilu. Fim ɗin da aka ce ya yi wa attajirai tonon silili, su ne suka mayar da shi talla.

Hoton ya yi kyau, ban musa ba, Keoghan kuma ya iya wasa. BAFTA, gasar finafinai ta Birtaniya, ta sa fim ɗin a rukuni biyar, wannan ma alfarma ce. Jaridun da ke ba mutum shafi ya yi sharhi su riƙa neman wanda ya taɓa zama baƙo a teburin masu kuɗi, ya ji yadda ake auna takalminsa da ido. Da irinsa ne ya rubuta, da tun makon farko an daina maganar kwamin wanka.