Kabuki: Mace ce ta kafa, mata aka hana shiga

A watan Mayun 2025 aka sha biki a gidan wasan Kabukiza da ke Tokyo, dandalin Kabuki, wato wasan kwaikwayon gargajiya na Japan, inda Onoe Kikunosuke ya gaji sunan gidansu, ya zama Kikugoro na takwas. Allah ya sanya alheri. To, yayarsa Shinobu Terajima fa? Uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma ita ce babba. Ta ciyo kyautar gwarzuwar 'yar wasa a bikin fina-finai na Berlin a 2010, amma sai da ta kai shekara 50, a Oktoban 2023, aka ba ta rawar takawa a cikakken wasa a wannan dandali. Ɗanta ma ya riga ta: an ƙaddamar da shi a watan Mayun shekarar, yana ɗan shekara 10.

Da ka yi magana sai a ce maka al'ada ce. Wace al'ada? Wadda ta ƙirƙiro Kabuki mace ce, Izumo no Okuni, da ta fara rawarta a Kyoto wajen 1603. A 1629 gwamnatin Tokugawa da ke mulkin Japan a lokacin ta haramta wa mata hawa dandali, wai wasan ya cakuɗe da karuwanci, 'yan kallo kuma suna ba hamata iska a kan 'yan wasa. Samari suka maye gurbinsu, fitinar ba ta mutu ba, aka hana su su ma a 1652. Ka ga ke nan dokar hana tarzoma ce. Ita kanta gwamnatin ta rushe tun 1868, amma har yau ana riƙe da hukuncinta kamar wahayi.

Ba na raina gwanintar onnagata, wato mazan da suka ƙware a fitowa a matsayin mata. Namiji ya shafe fuska da farar hoda, ya haɗe gwiwoyi, ya saukar da kafaɗu, ya rinƙa taku kamar ƙasa za ta ji ciwo: aikin shekaru ne, kuma Bando Tamasaburo ya kai shi ƙarshe. Sai dai masu cewa mace ba za ta iya ba, don wai siffar mace ake nunawa ba macen kanta ba, sun kashe kansu da bakinsu. In abu koyonsa ake yi, kowa na iya koya.

Kamfanin Shochiku ne ke riƙe da Kabukiza. Ya kamata ya daina yi wa mata alfarmar wata ɗaya sannan ya ja ƙofa. A fara karɓar 'yan mata a makarantar horon 'yan wasa, 'yan kallon da ke biyan kuɗin tikiti su yi alƙalanci.