Wa ya fara miƙa hannu?

Tun da zama ya kawo ni ƙasar Holan nake juya wata magana a raina. A gida babu abin da ba ma jingina wa Allah. Haihuwa ikonsa ce, mutuwa ikonsa ce, ko ciwo ya kwantar da mutum sai mu ce haka Allah ya so. Amma da an zo kan ceto, sai harshenmu ya sauya. Mai wa'azi ya ce Yesu ya gama nasa a kan gicciye, saura naka, ka ɗaga hannu ka fito gaba. Da wannan na tashi, ba na kuwa raina shi, domin ta wannan ƙofa na ba da gaskiya.

A ikkilisiyar da nake sujada a nan, daga wurin Allah ake fara zancen: shi ya zaɓa tun kafin a kafa duniya, shi ya jawo, shi yake riƙewa. Gardamar wa ke fara miƙa hannu a ceto, Allah ko mutum, ta daɗe a ƙasar nan. Arminius, malamin tauhidi a jami'ar Leiden, ya rasu a 1609. A 1610 mabiyansa suka gabatar da batutuwa biyar, ciki har da cewa Almasihu ya mutu domin kowa da kowa, kuma mutum na iya ture alherin Allah. Majalisar ikkilisiya da ta zauna a birnin Dordrecht daga 1618 zuwa 1619 ta ƙi koyarwarsu. Ta ce mutuwar Almasihu ta isa ta share zunubin duniya duka, amma nufin Allah shi ne ta yi aikin ceto ga waɗanda ya zaɓa.

Da farko abin ya tsaya mini a wuya. Ina ayar da ta ce Allah na so dukan mutane su sami ceto, a 1 Timoti 2:4? Ina 1 Yohanna 2:2, da ta ce Yesu ne kafarar zunuban duniya duka? Har yau ba na yarda a taka waɗannan ayoyi a wuce. Sai dai Yohanna 6:44 ma tana nan, inda Yesu ya ce ba mai iya zuwa wurinsa sai Uba ya jawo shi. Afisawa 2 kuma ta kira mu matattu cikin zunubi, matacce kuwa ba ya miƙa hannu. A nan na sauka: kafarar da Yesu ya yi ta biya bashin da gaske, ba ta bar wani ciko a kaina ba.

Abin da ke damuna da 'yan'uwana na nan shi ne sanyin baki wajen gayyata. Majalisar da suke alfahari da ita ta ce a yi shelar bishara ga kowa ba tare da bambanci ba, amma sai ka daɗe ba ka ji an roƙi mai zunubi da hawaye ya tuba ba. A gida ana roƙo da zuciya ɗaya, sai dai nauyin yakan faɗa kan mutum, har wani ya fito gaba sau biyar don tsoron na farkon bai karɓu ba.

Ina da ƙane da ya juya wa bangaskiya baya. Duk sa'ad da na kira shi a waya ina roƙonsa ya komo. In na durƙusa kuma da dare, abin da nake cewa shi ne, ya Ubangiji, ka juyo da zuciyar yaron nan.