Jajayen ƙwayoyin jini ne suka fi taɓa mu

Assalamu alaikum. Na ji daɗin bayanin nan naku kan ire-iren ƙwayoyin halitta da ke jikin ɗan'adam. Kun daɗe a kan na ƙwaƙwalwa da na tsoka, amma jajayen ƙwayoyin jini layi biyu kawai kuka ba su, alhali mu nan ƙauyukan Ringim su ne suka fi taɓa mu.

A cikin ɓargo ake yin su, kuma su ke ɗaukar iskar da muka shaƙa daga huhu su kai ta ko'ina a jiki. Lafiyayyar ƙwaya takan yi kusan kwana 120 tana aiki. Ta mai sikila kuwa lanƙwashewa take kamar lauje, ta maƙale a ƙananan hanyoyin jini, kwana 10 zuwa 20 ta mutu. Ɗiyar yayata da wannan take fama. Da sanyin hunturu ya shigo sai ka same ta kan tabarma ta rungume gwiwa tana kuka, idanu sun yi ɗorawa. Shekaru muka yi muna cewa mayu ne, kafin a gwada jininta. Wallahi har yau abin yana ci mini rai.

Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ma jajayen nan take shiga ta fasa, shi ya sa yara ke ɗashewa da damina.

Don Allah ku sake rubutu kan gwajin jini kafin aure. Da yawa a nan ba su san in mai jinin AS, wato wanda ya gaji sikila daga ɓangare ɗaya amma ba ya ciwon, ya auri mai AS, kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi SS, wato mai ciwon sikila, ba.